Kujerar Bakin Taga

Editanmu ya ce kowa ya rubuto abin da ya gano cikin hutu, in dai zai amfani masu karatu. Waɗansu za su ba ku labarin manyan garuruwa, waɗansu kuma na bukukuwa. Ni nawa labarin na kujera ne. Kada ku yi dariya tukuna, gama kujerar da na ke nufi ta cikin jirgin sama ce, tambayar da ke bayanta kuwa ta shafi kowa. In ka ga tsoro ya kama mutum, kai kuma kana zaune a wurin da zai sami sauƙi, me ya kamata ka yi? Shi kuma mai roƙon a bar masa wurin, yaya ya kamata ya roƙa?

Bari in fara da yadda zaman ya ke, saboda waɗanda ba su taɓa shiga ba, su ne kuwa mafi yawa a cikinmu. A motar kasuwa kowa rige-rige ya ke yi ya kama wuri. A jirgin sama kuwa tun daga ƙasa a ke ba ka 'yar takarda mai lamba da harafi. Lambar ita ce layinka, ana ƙirgawa daga gaba zuwa baya, harafin kuma shi ne kujerarka cikin layin. A irin jirgin nan Boeing 737, wanda a ke yawan gani a filayenmu, kujeru shida ne a layi, uku dama uku hagu, hanya a tsakiya. A da F su ne na bakin taga, C da D na bakin hanya, B da E kuwa na tsakiya, waɗanda ba mai so. Wanda ya riga shi ke zaɓa, waɗansu kamfanoni ma sai ka ƙara kuɗi kafin su bar ka ka zaɓa. Wanda ya makara, ko wanda bai san ana zaɓa ba, sai kwamfuta ta jefa shi inda ya rage. Kwamfuta kuwa ba ta san kaka da jika ba. Ta haka ne mutum biyu kan fito gida ɗaya, su shiga jirgi ɗaya, amma a ajiye ɗaya a gaba ɗaya a can ƙurya.

Cikin hutun nan ƙanen mahaifina da ke aiki a Ikko ya aiko mini da tikiti in je in gaishe shi. Karo na biyu ke nan da zan shiga jirgi, na farkon kuwa da dare ne, ban ga kome ba sai fitilu. Saboda haka tun ana gobe tafiya na kama kujera 8A, bakin taga, ɗan gaba da fiffike kaɗan, inda ba abin da zai tare ido. Ina da dalilina. A makarantar da na yi gwajin koyarwa na koya wa 'yan aji biyar labarin ƙasa, na zana musu Kogin Kwara a allo, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka taɓa ganinsa daga sama kamar yadda ka zana?" Na ce a'a, amma na yi musu alkawari in na tafi Ikko zan leƙa in kawo musu labari. Wanda ya tashi daga Jos zuwa Ikko lalle sai ya ƙetare Kwara, in sama ta yi garau kuwa zai gan shi.

Muna ɗakin jira a filin jirgin Jos sai na lura da wata tsohuwa tare da jikarta, yarinya 'yar kamar shekara goma sha bakwai. Tsohuwar ta rungume ƙullin kayanta a cinya, duk sa'ad da aka yi magana ta lasifika sai ta zabura. Wani mutum mai son ba'a ya dube ta ya ce, "Iya, kwantar da hankalinki. Kome nisan jifa, ai ƙasa zai faɗo." Mutum biyu uku suka ƙyalƙyale da dariya. Ba ta ce uffan ba, sai ta ƙara ƙanƙame ƙullinta.

Da muka shiga, ashe jikar ce maƙwabciyata, 8B, a gefenta kuma wani dattijo mai furfura a 8C. Kakar kuwa an kai ta 23E, can kusa da wutsiya. Yarinyar ta kasa zama, sai waige ta ke yi. Ta so ta koma baya ta ba ɗaya daga maƙwabtan kakarta wurinta, amma wa zai bar bakin taga ko bakin hanya ya koma tsakiya? Sai ta juya wurin dattijon, ta rusuna ta ce, "Baba, don Allah ko za ka taimaka ka koma wurin kakata, ita ta dawo nan? Ba ta taɓa shiga jirgi ba, ga shi ba ta jin Turanci."

Dattijon ya ce, "'Yata, ki yi mini haƙuri. Gwiwata ba ta lanƙwasuwa sosai, shi ya sa na biya kuɗi na kama bakin hanya. In na shiga tsakiya, sai dai a ɗauko ni in mun sauka."

Ta ce, "Ba kome, Baba, na gode." Ba ta roƙe ni ba. Kunya ta hana ta roƙo sau biyu. Sai ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takardarta.

Na waiwaya baya, na hangi tsohuwar a tsaye, ta kama bayan kujera da hannu biyu ta ƙi zama, ma'aikaciyar jirgi tana lallashinta da Turanci, ita kuwa sai girgiza kai ta ke yi. Doka ce jirgi ba ya motsawa sai kowa ya zauna ya ɗaura bel. Wanda ya ƙi, ba abin da ya rage sai a sauke shi. Na tambayi yarinyar abin da zai kai su Ikko, ta ce gwaggonta ce ta haifi tagwaye, ba ta da mai kula da ita, kakar za ta je zaman jego. Na dubi tagar nan tawa, na tuna da 'yan aji biyar. Gaskiya raina ya so ta ƙwarai. Amma Kwara yana nan ba inda za shi, mai jego kuwa yau ta ke bukatar uwarta. Na ɗaga hannu na kira ma'aikaciyar, na nuna mata takardata, na ce ina so in ba tsohuwar wurina.

Ta karɓi takardun biyu ta duba, ta rubuta wani abu, sa'an nan ta ce to. Ta kuma ba da shawara yarinyar ta koma bakin taga, kakar ta zauna tsakiya, domin lokacin tashi da sauka tilas a bar tagogi a buɗe, mai tsoro kuwa ba kullum ya ke so ya ga ƙasa tana gudu tana barinsa ba. Na je na ce wa tsohuwar, "Iya, taso ki koma wurin jikarki, ni zan zauna nan." Ta dube ni kamar ba ta yarda ba. Sa'an nan ta saki kujerar, ta kama hannuna, hannunta sanyi ƙalau kamar an tsoma shi a randa. Na raka ta har layi na takwas, na komo.

Wurin da na koma, sai wanda ya zauna zai sani. Mutum biyu ne majiya ƙarfi suka sa ni tsakiya, kowa ya mallake abin ɗora hannu na gefensa, ni kuwa na naɗe hannuwana a ƙirji kamar mai jin sanyi. Makewayi yana bayanmu kaɗan, mutane suna ta kai da kawowa. Da muka shiga gizagizai jirgin ya soma rawa, wutsiya tana lilo, shayin maƙwabcina ya tsiyaye mini a wando. A nan na gane abin da aka tsame tsohuwar daga ciki. Kogi kuwa, ko alamarsa ban gani ba.

Tafiyar sa'a ɗaya ce da 'yan mintoci. Da muka sauka na tarad da su suna jirana a wurin ɗaukar kaya. Yarinyar ta ba ni labari cewa dattijon nan mai ciwon gwiwa shi ya yi babban aikin. Tun jirgi bai tashi ba ya riƙa gaya wa kakar da Hausa abin da zai faru kafin ya faru. Ya ce, "Yanzu za ki ji ƙara mai ƙarfi, bayanki ya manne da kujera. Gudu ya ke yi don ya tashi." Can kuma ya ce, "Yanzu za ki ji dum a ƙarƙashinmu. Ƙafafunsa ya ke naɗewa." Da ta ga duk abin da ya faɗa yana aukuwa daidai, sai ta soma sakin hannun jikarta, har ta karɓi biskit. Tana cikin faɗa mini haka tsohuwar ta katse ta, ta ce, "Ɗana, an ce kogi ka ke nema. To, na gano maka shi. Ashe duk girman Kwara, farin zare ne aka yar a kan baƙin zane, ga tudun yashi a tsakiyarsa kamar an zubar da gari. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Da aka koma makaranta, bayanin nan nata shi na kai wa 'yan aji biyar, na kuma gaya musu bakin wanda na ji shi.

To, wannan shi ne labarin. Saura abin da na tattara daga cikinsa, da abin da na bincika daga baya, gama tun ran nan na ƙudura in san dalilin kowane abu da na gani.

Da fari, gaskiya ne wata kujera ta fi wata sauƙi ga mai tsoro. Ku dubi ɗan ga-ruwa da sandarsa a kafaɗa. Garwa biyun da ke bakin sandar su ke lilo sama da ƙasa, amma inda sandar ta hau kafaɗa ba ya motsi sai kaɗan. Haka jirgin sama ya ke. Fikafikai su ke ɗauke da shi, tsakiyar nauyinsa kuma tana nan kusa da su, saboda haka wanda ya zauna daidai fiffike ko ɗan gaba da shi, jijjiga kaɗan ya ke ji, na wutsiya kuwa shi ke shan ta. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarshen bodin babbar mota a hanya mai gargada ya san wannan karatu. Har wa yau, in jirgin irin mai inji a ƙarƙashin fiffike ne, gaba ta fi baya shiru. Batun taga kuwa ya danganta ga mutum. Wani ganin sararin sama a daidaice shi ke kwantar masa da hankali, ya hana shi tashin zuciya. Wani kuma ƙunci ke damunsa, bakin hanya ya ke so, inda zai miƙe in ya ga dama. Maganin abin shi ne a tambayi mai tsoron, kada a zaɓa masa.

Na biyu, yawancin abin da ke firgita sabon shiga sauti ne da motsi waɗanda bai san dalilinsu ba. Bayan tashi da 'yan mintoci matuƙi ya kan rage wa inji ƙarfi, ƙara ta ragu, mutum ya ji kamar jirgin yana nutsewa, alhali kuwa hawa ya ke yi. Bakin fiffike ya kan lanƙwasa sama da ƙasa cikin iska, haka aka ƙera shi, kamar reshen ɗanyen itace wanda ke sunkuyawa ba ya karyewa. In dare ne a kan rage fitilu lokacin tashi da sauka, domin idon fasinja ya saba da duhu ko da za a bukaci fita da sauri. Kunne ya kan toshe, gama ko da ya ke jirgin yana iya kai ƙafa 35,000 a sama, iskar da ke cikinsa a kan riƙe ta kamar ta kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, watau sama da Jos, wadda ke wajen ƙafa 4,000. Haɗiye miyau ko hamma ya kan buɗe shi. Rashin sani ya fi dare duhu. Dattijon nan fitila ya riƙa kunna wa tsohuwar, taki ɗaya kafin ta taka.

Game da jijjigar iska, jirgi an gina shi ya jure ta, abin da ke kawo rauni shi ne rashin ɗaura bel. A watan Mayu na 2024 wani jirgin Singafo da ya taso daga Landan ya gamu da muguwar jijjiga a sararin Myanmar, fasinja ɗaya ya rasu, da yawa suka ji ciwo, har jirgin ya sauka Bankok. Waɗanda ba su ɗaura bel ba, sama aka cilla su. Don haka wanda ya zauna kusa da mai tsoro, aikinsa na fari shi ne ya ga bel a ɗaure, ko da fitilar gargaɗi ta mutu.

Na uku, kada mu raina tsoron nan mu ce ƙauyanci ne. Jirgin sama ya daɗe a ƙasarmu, tun 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano. Amma abin da ya zauna a zukatan tsofaffinmu shi ne ranakun baƙin ciki. A Janairu na 1973 jirgin alhazai ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A Disamba na 2005 wani ya faɗi a Fatakwal, cikin mamatan akwai 'yan makaranta 60 masu komawa gida hutu. A Oktoba na 2006 wani ya faɗi da tashinsa daga Abuja, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido yana ciki. A Yuni na 2012 kuma wani ya faɗa kan gidaje a Ikko da mutum 153. Wanda ya ji waɗannan a rediyo, ya ga zaman makoki, in jikinsa ya yi rawa a bakin tsani ba abin dariya ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ga lissafi kuwa, jirgi ya fi mota tsaro nesa ba kusa ba. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2023 jiragen haya sun tashi wajen sau miliyan 37, cikin lissafinta kuwa haɗari ɗaya ne ya ci rayuka, shi ne na ƙasar Nepal wanda ya kashe mutum 72. A shekarar nan kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasarmu ta ƙirga fiye da mutum 5,000 da suka mutu a kan hanyoyin Nijeriya kaɗai. Duk wannan gaskiya ne, ya kuma kamata malami ya sani. Amma je ka karanta wa mai rawar jiki waɗannan lambobi ka gani. Zuciyarsa na bugawa, tafinsa na zufa, numfashinsa na sama-sama, kunnensa ba ya ɗaukar miliyan. Abin da ke ratsa shi a lokacin shi ne hannun wanda ya sani, da murya cikin harshen da ya ke ji. Kujerar da a ka canja masa, amfaninta ke nan, ta kai shi inda hannun da muryar su ke.

Na huɗu, akwai dalilin da ya sa ma'aikaciyar ta duba takardunmu kafin ta yarda. Kafin jirgi ya tashi a kan yi lissafin nauyinsa, mutane da kaya da mai, da inda kowanne ya ke, a ba matuƙi, shi kuma ya daidaita na'urorinsa bisa ga wannan. Babba ɗaya ya musanya da babba ɗaya, lissafi bai taɓu ba. Amma in jirgin ƙarami ne, ko kuwa bai cika ba, mutane da yawa suka tashi suka koma gefe guda don son ransu, to, an ɓata lissafi. Abin ba wasa ba ne. A Janairu na 2003 wani ƙaramin jirgi ya faɗi da tashinsa a garin Charlotte na Amurka, mutum 21 suka mutu. Masu bincike suka tarar an yi kuskure wajen gyaran abin sarrafa wutsiyarsa, nauyi kuma ya rinjaya baya fiye da ƙa'ida. Don haka in ma'aikaci ya ce ka dakata sai an tashi, ko ya ce a'a, ba rowa ya ke yi ba.

Akwai kuma layin da ke bakin ƙofar gaggawa. Yana da faɗin wurin miƙe ƙafa, saboda haka mai kirki ya kan so ya ba tsoho ko mai tsoro. Wannan alheri ne wanda bai dace ba, ma'aikata ma ba za su yarda ba. Wanda ke zaune nan, shi a ke sa rai zai buɗe ƙofar in wani abu ya faru, sai mai ƙarfi, mai natsuwa, mai jin harshen ma'aikata. A dokar Amurka sai ya kai shekara 15. Ba a sa yaro, ko mai goyo, ko wanda tsoro ya riga ya ɗaure.

Yanzu sai batun roƙo, wanda a ganina shi ne ya fi wuya. A hanyata ta dawowa na ga yadda ba a yi. Wani mutum ya shigo da matarsa, ita ma mai tsoro ce, ya zaunar da ita, shi kuma ya haye kujerar da ke gefenta ba tambaya. Da mai wurin ta zo da takardarta, sai ya ce, "Ai duk kujera kujera ce, je ki zauna a tawa." Ta ce ba ta san zancen ba. Murya ta hau murya, ma'aikata suka taru, aka ɓata lokaci, a ƙarshe aka tashe shi. Matar tasa kuwa, wadda don ita aka yi abin, tsoronta ya ninka, ga kunya a kai. Na tabbata da ya tsaya ya roƙa da ladabi, da an ba shi. Bukatarsa gaskiya ce, hanyarsa ce ta ɓata ta.

Ga abin da na ke ganin ya kamata ga mai rakiyar mai tsoro. Ya soma tun daga ƙasa, a sayi tikitin tare, a kama kujeru da wuri, in hakan bai yiwu ba a zo fili da sauran lokaci a gaya wa mai ba da takarda. A nan gyara ya fi sauƙi, ba kuwa wanda za a tasa. Waɗansu ƙasashe sun sa doka saboda yara. A 2024 hukumar jiragen sama ta Indiya ta umarci kamfanoni su zaunar da yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa kusa da ɗaya daga iyayensa. Babba mai tsoro kuwa, yawanci sha'aninsa yana hannun 'yan'uwansa fasinja. In har an shiga jirgi ba a gyara ba, kowa ya zauna wurinsa tukuna, a gaya wa ma'aikaci. In za ka roƙi mutum, faɗa masa gaskiyar wurin da za shi, kada ka ce "nan baya kaɗan" alhali wutsiya ce. In kana da kujera biyu, mai kyau da maras kyau, ba da mai kyan, ku ku ɗauki wahalar, tun da bukatar taku ce. In kuma ya ce a'a, ka ce na gode, kamar yadda yarinyar nan ta yi. Ba ka san abin da ke tare da shi ba. Wataƙila ciwo ne, wataƙila kuɗi ya biya, wataƙila ma shi kansa tsoro ya ke ji, ya zaɓi wurin nan tun mako guda don ya iya daurewa. Abin da aka karɓa da tilas ko da kunyatarwa ya tashi daga kyauta.

Wanda aka roƙa kuma, ba na cewa lalle ya bayar. Ina dai cewa ya auna abu biyu kafin ya amsa, abin da zai rasa da abin da ɗan'uwansa zai samu. Ni sa'a ɗaya na rasa da kallon kogi. Ita kuwa tafiyar ce gaba ɗaya a kan ma'auni. In awon ya fito haka, amsa ba ta da wuya. In kuwa kana da uzuri, ka tuna da dattijon nan. Ya hana kujera, ya ba da abin da ya fi kujera. Shi kuma mai ba'ar ɗakin jira, ba a roƙe shi kome ba, shiru kaɗai ya isa ya zama sadakarsa, amma ya kasa.

'Yan'uwa, mu da za mu fita mu riƙe aji, wannan magana ba ta yi nisa da aikinmu ba. Ranar farko za mu zaunar da yara bisa ga tsawo, ko bisa ga jerin sunaye a rajista, mu ce mun yi adalci. Rajista kuwa kamar kwamfuta ta ke, ba ta san yaron da ba ya ganin allo daga baya ba, ba ta san wanda kunnensa ɗaya ya toshe ba, ba ta san baƙon da ya zo daga wani gari ba ya jin harshen ajin, ga kuwa ɗan garinsu can a wani benci. Irin waɗannan yara ba safai su ke roƙo ba, kunya ta kan hana su. Sai malami ya riƙa duban wanda ke yawan waige. In ka gan shi, kada ka daka wa na gaba tsawa ka ce ya tashi. Kira shi gefe, ka gaya masa dalili, ka roƙe shi, in ya yarda ka gode masa a gaban aji. Shi kuma wanda aka matso da shi, ka riƙa gaya masa abin da za a yi kafin a yi, har ya saba. Da haka yaro ɗaya zai sami wurin da zai iya karatu, ɗayan kuma zai koyi tashi don wani tun yana ƙarami.